Da wace tiya ake auna maka? Ƙaramin harafin da ke bin sunan haja a tiredin

  

An ce in yi magana kan tiredin, wato cinikin kuɗɗin ƙasashe da zinariya da ake yi ta cikin waya. Da na ji taken sai na ce a'a, wannan kogi ne, in muka shiga ba mu fita kafin isha'i. Abu guda zan ɗauka, ɗan ƙarami, wanda ido ke tsallakewa: harafin nan da ake maƙalawa bayan sunan haja. Ka ga an rubuta XAUUSD, sai kuma a maƙala m, ko c, ko z, ko wata alama. Masu aplikasiyon a wayarsu sun san abin da nake nufi. Waɗanda ba su da ita ku yi haƙuri, za ku gane, don ba baƙon abu ba ne ga ɗan Ƙonni.

Bari in fara da tambaya. Baƙo ya tare ka a tasha ya ce, "Malam, ina motar Illela?" Me za ka ce mishi? Ai tambaya za ka mayar: wace Illela? Ta nan bakin iyaka, cikin jihar Sakkwato, ko tamu ta Adar? Suna guda, gari biyu, ƙasa biyu. In ka nuna mishi mota ba ka tambaya ba, ka ɓatar da bawan Allah.

Haka kuɗɗinmu. In tsohuwa ta ce maka dala ashirin, tamma 100 take nufi, don dala a bakinmu tamma 5 ce. In ɗan tiredin ya ce dala ashirin, ta Amurka yake nufi, abin da ya zarce jika goma. Jikar ma kanta, nan tamma 1000 ce, amma ka tsallaka iyaka ka ji dattijo ya ce jaka guda, naira 200 yake faɗi. Yaron da aka haifa garin ga bai kai shekara goma ba ya riga ya san a tambaya: sefa ko naira? Ran Laraba in ka je sayen hatsi, kafin ka taya sai ka kalli tiyar. Mai albasa a Galmi bai faɗin kuɗin buhu sai ya ga buhun da mai saye ya zo da shi, don akwai buhun da ake cikawa a ɗora mishi ƙari a sama har ya yi tozo. Duk wannan wayon muna da shi tun daga gida. Abin mamaki, da mun buɗe waya muka ga rubutun boko da jan layi da kore, sai mu aje shi bakin ƙofa kamar takalmi.

Zan ba ku labarin wani ƙanena, ɗan kabu-kabu. Na nemi izininshi, ya ce in faɗa amma kar in kama suna. Sunan kamfanin ma ba zan kama ba.

Kun san yadda shekarun nan suka zo mana. A ƙarshen watan Mayu na 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, sana'ar ƴan ruwa-ruwa ta girgiza. A watan Yuni aka saki naira ta yi ta gangarawa. Bayan 26 ga Yuli aka rufe iyaka, aka yanke kuran, ba a sake buɗewa ba sai cikin watan Maris na 2024. Garin da ke ci daga iyaka ya ji jiki. A lokacin ne samari da yawa suka duƙufa kan waya suna neman wata ƙofa, kuma ni ban ga laifinsu ba. Shi ma yaron nan haka. Wani a fadarsu ya nuna mishi, ya buɗe asusu, ya sa dala 20 ta Amurka. Da ya duba sai ya ga an rubuta 2000. Ya zo mini da murna, wai kamfani ya yi mishi kyauta. Ba kyauta ba ce, asusun santi ne ya buɗe. Dala guda santi 100 ce, to dala 20 ta zama 2000 a ido. Kamar ka canza jika guda zuwa ƴan dala-dala, aljihu ya yi nauyi amma kuɗɗin na nan yadda suke.

A wannan asusun, sunan zinariya na da ƙaramin c a ƙarshe. Ya saba danna 0.50 a wurin da ake sa yawan haja, abin da suke kira lot. Wata biyu yana yi, ran nan ya ci, ran nan a ci shi, har 2000 ɗin ta kai wajen 3500. Wato ya samu dala 15 cikin wata biyu, amma a ido lamba ce babba. Sai wani mai ba da horo a WhatsApp ya ce mishi asusun santi na yara ne, ya zo ya buɗe na manya, ga mahaɗa, ya bi ta nan. Ya kwashi adashi, jika 150. Mu ƙaddara dala guda tamma 600, kun ga dala 250 kenan. Ya buɗe sabon asusu, ya nemo zinariya. Suna iri ɗaya, hoton farashi iri ɗaya, launi iri ɗaya. Harafin ƙarshe kaɗai ya canza. Ya danna 0.50 yadda hannunshi ya saba.

To ku saurara da kyau, nan ne maganar take. A tsohon asusun, lot guda na zinariya oza guda ce, 0.50 rabin oza. A sabon, lot guda oza 100 ce, 0.50 oza 50. Oza ɗaya ta zinariya giram 31 ce da ɗan ɗoriya. Ku lissafa: ya ɗauki cinikin zinariya kilo ɗaya da rabi. Akwai waɗanda suka je Jado ko Cibarkaten cikinku, tun 2014 da aka fara tururuwa can. Ku gaya wa na kusa da ku wahalar da ake sha kafin a ga giram guda. Shi kuma yana zaune bisa moto ƙarƙashin bedi, ya ɗauki kilo da rabi da ɗan yatsa. In muka ƙaddara oza dala 3000, hajar dala dubu 150 ce, miliyan 90 na sefa. Duk dala guda da farashin oza ya motsa, dala 50 ke shiga ko ta fita daga aljihunshi. Farashin bai ko sauka da dala biyar ba, abin da zinariya ke yi cikin ƴan mintoci a rana ta yau da kullum, kamfani ya rufe cinikin da kanshi. Abin da ya rage bai kai jika goma ba. Ya ce mini shayin da ya ɗora bai ma tafasa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya daɗe yana cewa hasashenshi ne bai yi daidai ba, ko kuma an yi mishi baki. Har yau akwai abokanshi da ke ganin haka. Ba wanda ya gaya mishi cewa tiyar ce aka canza, ta ninka sau ɗari.

Yanzu bari mu warware sunan nan kashi-kashi. Haruffa shida na farko suna da doka. Akwai ƙa'idar duniya da ake kira ISO 4217, ita ta ba kowane kuɗi haruffa uku. USD dalar Amurka, EUR yuro, NGN naira, XOF sefarmu ta yammacin Afirka. Zinariya XAU, don Au ce alamarta a ilimin sinadarai, X kuma na nuna ba ta wata ƙasa guda ba ce. Azurfa XAG. In an jera biyu, na farko shi ne haja, na biyu shi ne kuɗɗin da ake auna ta da su. EURUSD, yuro guda dala nawa. XAUUSD, oza guda dala nawa. Wannan ko'ina ka je a duniya haka yake.

Abin da ya biyo bayan haruffa shidan nan kuwa ba shi da doka ko ɗaya. Kowane dillali, wanda suke kira buroka, shi ke zaɓen abin da ya ga dama. Dalili kuwa na aiki ne. Manhajar da yawancinsu ke amfani da ita MetaTrader ce, ta kamfanin MetaQuotes, lamba 4 ta fito 2005, lamba 5 ta fito 2010. Cikinta kowane suna na ɗauke da sharuɗɗanshi: girman lot, ribar dillali, kuɗin kwana, mafi ƙarancin abin da za ka iya saye. In dillali na son sayar da zinariya guda da sharuɗɗa iri huɗu ga mutane iri huɗu, sai ya yi suna huɗu. Harafin ƙarshe shi ne lambar ɗakin da aka sa ka. Shi ya sa wani lokaci za ka nemo EURUSD, ka gan shi a dushe, ka danna ya ƙi. Sai ka ji yaro na cewa an toshe shi. Ba a toshe ka ba, hajar wani ɗaki ce ka taɓa.

Ga misali daga kamfanoni biyu da na san sunansu na yawo a wayoyinku, kuma ba talla nake musu ba, ba kuma zargi ba. A Exness, asusun Standard sunayenshi na ƙarewa da m, na Standard Cent da c, na Zero da z, na Pro kuma ba komai. A XM, asusun Micro ana rubuta kalmar micro ne a ƙarshen suna, lot guda a can kuɗi 1000 ne maimakon dubu 100, sannan zinariya ma GOLD suke ce mata. To kun ga tarkon? Mutum ya ji ana cewa micro ƙarami ne, ya buɗe waya ya ga m, ya ce ai micro kenan. Alhali a wancan gidan m cikakken lot ne, dubu 100. Kuma ko waɗannan da na lissafa, kamfani na iya canza su gobe ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Ba kuɗɗi da zinariya kaɗai ba. Ma'aunin manyan kamfanonin Amurka guda 30, wani gida US30, wani DJ30, wani WS30, kuma abin da maki guda ke ci maka ya bambanta daga gida zuwa gida. Man fetur wani USOIL, wani WTI, wani XTIUSD. Wani na tafiya ba iyaka, wani na da ranar ƙarewa maƙale a sunanshi. Masu riƙe da irin mai ranar ƙarewa sun ga abin da ba su taɓa gani ba ran 20 ga Afrilu 2020, lokacin korona, da farashin gangar man Amurka ta kwangilar watan Mayu ya rufe ƙasa da sifili, wajen dala 37 a ƙasa.

Daga nan ku gane haɗarin abin da ake kira sinyal. Wani na zaune Legas ko Abijan ko Dubai, ya turo saƙo ga mutum dubu: ku sayi zinariya, lot 0.10. Bai san ɗakin da kake ba, bai san nawa ke asusunka ba. Ga mai c, wannan wasan yara ne. Ga mai cikakken lot, oza goma ce. Kamar likita ya hau rediyo ya ce kowa ya sha cokali uku, bai faɗi ko na shayi ko ludayi ba.

Sai maganar la'ada. Mu nan mun san dillanci, ba mu raina shi ba. A kasuwar dabbobi ta Badagishiri, dillali na haɗa mai saye da mai sayarwa, a ba shi la'adarshi a gaban kowa. Ɗan canji a bakin iyaka yana da farashin da yake sayen naira da wanda yake sayarwa, tazarar tsakani ita ce abincinshi, kuma kowa ya sani. Buroka ma da wannan tazarar yake ci, sunanta sifired. A asusun da aka ce ba kamasho, an faɗaɗa tazarar. A wanda aka rubuta Zero ko Raw, an matse tazarar amma ana cirar kamasho kan kowane lot, shiga da fita. A EURUSD, in tazarar ta kai maki guda, wanda suke kira pip, dala 10 ce kan cikakken lot. A ɗaya ɗakin sai a ce maka tazara kusan babu, amma ka biya kamar dala 7. Wanne ya fi araha ya danganta da yawan cinikinka. Abin da nake so ku riƙe, kalmar Zero ba ta nufin kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai bambanci guda tsakanin buroka da dillalin shanu, kuma babba ne. In ka sayi sa a Badagishiri, da igiya za ka koma gida. In ka danna sayen XAUUSD, ba zinariyar da aka aje da sunanka ko'ina. Yarjejeniya ce tsakaninka da kamfanin: in farashi ya hau ya biya ka bambanci, in ya sauka ka biya shi. Wani kamfani na miƙa cinikinka ga manyan bankuna, wani kuma na riƙe shi cikin gida, wato faɗuwarka ita ce ribarshi. Kamfani guda ma na iya yin duka biyun, gwargwadon mutum da gwargwadon ɗaki. Wannan ba a rubuta maka shi a suna.

Shi kuma mai horon nan da ya turo mahaɗa, me ya sa ya matsa wa yaro ya bar asusun santi? Ban shiga zuciyarshi ba. Amma tsarin a bayyane yake, kamfanonin da kansu suna tallata shi: wanda ya kawo mutum ana ba shi kaso daga tazarar da mutumin ya biya, ko a biya shi gwargwadon lot ɗin da aka yi ciniki. Ka ci ko a ci ka, shi ya samu. In kana ɗakin santi, abin da zai samu a kanka bai sayi katin waya ba. In ka koma babban ɗaki ka danna lamba iri ɗaya, rabonshi ya ninka. Ɗan kamasho a tasha ma aikinshi kenan, amma shi ai mun san ɗan kamasho ne, bai ce mana shi malami ne ba.

Zan taɓo wurin da na san yana damun da yawa cikinku, wato asusun da ake kira na Musulunci. A tiredin, in ciniki ya kwana a buɗe, ana cire maka ko a ƙara maka wani abu, kuɗin kwana, suna ce mishi suwap. Tushenshi bambancin kuɗin ruwa ne tsakanin ƙasashen biyu. Ga kuɗɗin ƙasashe, yawancin gidaje na ninka shi sau uku a daren Laraba don a cike Asabar da Lahadi. Ranar kasuwarmu, su ma ranar tasu kasuwar kenan. To da kamfanoni suka ga Musulmi na gudun riba, sai suka buɗe ɗakin da ba kuɗin kwana, suka sa mishi suna mai daɗi. Wani gida da gaske ya cire. Wani ya cire ya faɗaɗa tazara. Wani kuma bayan ƴan kwanaki sai ya fara cirar abin da ya kira kuɗin hidima.

Ni ba malami ba ne, ga malamai nan zaune, su za su yi hukunci. Abin da na sani, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a 2006 kan irin wannan ciniki da dillali ke ranta maka ƙarfin saye, ta ce bai halatta ba. Kuma ba kuɗin kwana kaɗai ta duba ba. Ta duba haɗa rance da sharaɗin sai ka yi ciniki ta hannun mai rancen, ta duba rashin karɓa hannu da hannu a musayar kuɗɗi da zinariya. Majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ma a 2012 ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane irin wannan cinikin kuɗɗi ta intanet. Akwai masu wata fahimtar, ban musa ba. Roƙona, in za ka je wurin malam, kar ka ce mishi kawai "Malam, asusun Musulunci ne." Kai mishi sharuɗɗan, ka bayyana mishi cewa ba zinariyar da ke zuwa hannunka, sannan ya ba ka amsa. Wanda ya raɗa wa asusun suna ma'aikacin talla ne.

Akwai wasu sunaye kuma da suka fi waɗannan ruɗi, don sun yi kama da kasuwa alhali ba kasuwa a bayansu. Kun san Volatility 75, kun san Boom da Crash na kamfanin Deriv. Kamfanin bai ɓoye ba, ya rubuta cewa kwamfuta ce ke fitar da lambobin, ba su da alaƙa da wata haja ta duniya. Shi ya sa suke tafiya dare da rana har Asabar da Lahadi. Amma sai ka ga yaro na sauraren labaran BBC wai don ya san inda Boom za ta nufa. Haka in ka ga EURUSD an maƙala mishi OTC ranar Lahadi, a irin aplikasiyon nan na "zai hau ko zai sauka cikin minti guda". Kasuwar kuɗɗi ta duniya na rufe ranar, farashin da kake gani na gidan ne. Irin wannan cinikin na minti guda, Tarayyar Turai ta hana sayar da shi ga talakawanta tun watan Yuli na 2018.

Tunda na ambaci Turai, bari in ƙarasa, don akwai abin da ya kamata ya ba mu haushi. A 2018 hukumar da ke kula da kasuwannin kuɗɗi ta Tarayyar Turai, ESMA, ta duba alƙaluma daga ƙasashenta ta ga cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki faɗuwa suke yi. Mutanen da ke da kuran ba yankewa, da rezo mai ƙarfi, da karatu. Sai ta sa iyaka ga ƙarfin rancen da dillali zai ba mutum, abin da ake kira lebiye: ninki 30 ga manyan kuɗɗi, ninki 20 ga zinariya. Ta kuma ce ba za a bi mutum bashin da ya wuce abin da ya sa ba. Wannan na ƙarshe sun koyi darasi ne ran 15 ga Janairu 2015, da babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinshi ba zato, mutane suka wayi gari da bashi, kamfanin Alpari na Ingila ya durƙushe.

Ku dawo ga ƙanena. Da dokar ninki 20, dala 250 ba ta ɗaukar hajar da ta wuce dala 5000, ko oza biyu ba ta kai ba. Da ya danna 0.50 manhajar za ta ce mishi kuɗɗinka ba su isa ba, shi ke nan, adashinshi na nan. Amma shi ninki 2000 aka ba shi. Me ya sa? Don suna guda na kamfani na iya ɗauke da rassa da yawa. Bature a sa shi reshen da ke da rajista a Kuburus ko Ingila. Ni da kai a sa mu reshen da ke wani tsibiri kamar Seshel, ko wata ƙasa kamar Beliz, inda doka ke da sassauci. Tambari guda, aplikasiyo guda, doka daban. Wata Illelar ce kuma. Sunan reshen na can ƙasan takardar da muke danna "na yarda" ba mu karanta ba.

In abu ya lalace, wa za ka kai wa ƙara? Hukumar da ke kula da kasuwar kuɗɗi a ƙasashenmu takwas masu sefa ita ce AMF-UMOA, da ke Abijan, wadda kafin 2022 ake kira CREPMF. Ita ke ba dillalan hannun jari izini, irin SGI-Niger a Yamai, masu aiki da kasuwar BRVM da ta fara a 1998. A can, hannun jarin BOA Niger sunanshi BOAN, na Sonatel SNTS, ko kai minista ne ko mai shayi suna guda, farashi guda. Ban ce ba a faɗuwa a can ba, ana faɗuwa. Amma akwai ofis, akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Kamfanin tsibiri kuwa, ka tura kuɗɗinka ta hannun wani da ya canza maka su zuwa kuɗin intanet, ba rasit, ba shaida. In ka je wurin jandarma ma, me za ka nuna?

Kar kuma a haɗa wannan da irin su MMM da ta daskarar da kuɗɗin mutane a Najeriya cikin Disamba 2016, ko CBEX da ta rushe a Afrilu 2025. Waɗancan ba ciniki a ciki sam, kuɗɗin na baya ake ba na gaba. Maganarsu ta wata rana ce. Na yau ya fi wuyar ganewa, don kamfanin na iya zama na gaske, yana biyan wanda ya ci, kuma duk abin da na faɗa yana rubuce a shafinshi. Sai dai da Turanci ko Faransanci, da ƙananan haruffa, shafi na goma sha.

Wani zai ce to ka ce mu bari mana. Ra'ayina ban ɓoye ba: kuɗɗin adashi, kuɗɗin iri da taki, kuɗɗin moto, ba su da wurin zama a can. Amma na san ko na rantse, wasu za su fita nan su buɗe waya. Tunda haka ne, mu a matsayinmu na ƙungiya akwai abin da ke hannunmu. Duk wanda zai tara matasa a garuruwan nan da sunan horo, ko a zaure ko a WhatsApp, mu tambaye shi a gaban jama'a: mahaɗar da kake rabawa, nawa ake ba ka in mun bi ta? Wane ɗaki take kai mu, kuma reshen wace ƙasa? In ya amsa, madalla, ɗan kamasho ne mai gaskiya. In ya fusata, kun samu amsa. Sannan masu shiri a gidajen rediyonmu, ku ba mu minti goma a sati mu yi wannan bayanin da Hausa. Ƙanena ya ce in za a yi, shi zai zo ya faɗi nashi da bakinshi. Yana nan yana biyan adashin, saura zubi huɗu.

Yanzu masu MetaTrader ku fiddo wayoyinku, mu yi tare. Ku shiga inda aka jera sunayen haja, ku ɗora yatsa kan zinariya har ƴar taga ta buɗe, ku zaɓi wurin bayanin hajar. Ku gangara. In wayarka da Faransanci take, nemi layin da aka rubuta Taille du contrat, in da Turanci, Contract size. Wannan lambar ita ce tiyarka. Ƙasa da ita akwai kuɗin kwana na saye da na sayarwa, da mafi ƙarancin lot. In asusunka na santi ne, duba ko da wane kuɗi aka rubuta abin da ke ciki, USD ko USC. Kowa ya faɗa wa na kusa da shi harafin da ke bayan sunan da lambar da ya gani, za ku ga ba ɗaya ba ne. Wanda ya kasa ganowa ya ɗaga hannu in zo. Daga nan sai mu ba malam dama, sannan a shiga tambayoyi.